Su da Ganyen Kwakwa

A masaukin alhazai da nake girki a unguwar Aziziyya ta Makka, wani dattijo daga tsibirin Malekula, mai yaren Nahavaq, ya kwana biyu bai ci abinci ba, ga hawan Arfa ya matso. Na soya masa kifi. Da ya gani, sai ya nannaɗa ganyen dabino a igiyar shanya. Tafinta ya ce haka suke su a garinsu: a ɗaura ganyen kwakwa a doguwar igiya, kowa ya shiga ruwa a ja. Babu raga, inuwar ganyen ce ke koro kifi har gaɓa.

Ni ɗan masunta ne, amma ban taɓa jin wannan hikima ba. Na ce, "Baba, ci tukuna ka ƙarasa mini." Ya cinye tas, kuma da ƙarfinsa ya hau Arfa.