Sassarfa Tsakanin Korayen Fitilu

Ƙarar daro ce ta fara komai. Da hantsi ina wanke wa maigidana ƙafafu, sai diddigensa na dama ya daki gefen daron, ƙwal! Tun hatsarin motar da ya taɓa masa laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji, ba ya motsawa. Na ɗago da sauri na ce, "Malam, ka motsa!" Ya ce shi bai ji komai ba, ai likita ya gaya masa ƙafa takan zabura don kanta.

Amma abin ya zauna min a rai. Da na ba ƙanena labari, ya nuna min bidiyo a wayarsa: wani Bature mai irin lalurar Malam, an dasa masa 'yar na'ura a gadon baya tana aika wuta kaɗan-kaɗan zuwa jijiyoyi, in an kunna sai ga babban yatsansa yana motsi da nufinsa. Don haka da 'yan'uwan Malam suka haɗu suka biya mana Umra, na ƙudurta cewa ƙasa mai manyan asibitoci kamar Saudiyya ba za ta rasa wannan na'ura ba. Ban gaya wa kowa ba, har shi. Ku da kuke ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ga yadda ta kasance.

Mun bar gida da asuba, yara suna ta murza ido a bakin ƙofa. Tun a ɗaki na ɗaura masa harami, don na san a cikin jirgi ba hali. A filin jirgin Kano maza biyu suka ɗaga shi zuwa kujera, ya runtse ido har suka ajiye shi. Ba abin da ya tsana irin a ɗauke shi a gaban jama'a. Wata dattijuwa da ke gefenmu ce ta ɗan sa shi murmushi, don jakarta sai ƙamshin daddawa da yaji take, kamar mai zuwa buɗe rumfa a Makka.

Daga Jidda muka shiga mota. Titi sumul, ba rami ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe dama da hagu ba ko ciyawa. Malam da kowace gargada yake jin ta har kafaɗa, sai ga shi yana Labbaika har barci ya sace shi.

A Ka'akiyya muka sauka, gidan gwaggona da ta zo aikin Hajji tun tana amarya ba ta koma ba. Unguwar Hausawa ce sosai, sai dai Hausar ta sha Larabci. "Yalla, ku shigo, ba mushkila," take ta faɗi tana share hawaye. Ta kawo mana tamis, wani faffaɗan burodi mai zafi, da dafaffen wake da shayi mai na'ana'a. Na lura lemo da ayaba araha suke a can, amma ɗan ƙullin kuka in aka faɗa miki kuɗinsa sai kin yi salati. Nan na gane dattijuwar jirgi ta fi mu wayo.

'Yar Gwaggo ta ƙarshe a asibiti take aiki, ɓangaren motsa gaɓoɓin masu shanyewar jiki. A can aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi. Ko jaka ban kwance ba na ja ta kicin na nuna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta riƙe hannuna.

"Yaya, wannan jihaz ɗin gaskiya ne," in ji ta, tana nufin na'urar. "Bas har yanzu gwaji ake, a kan mutane kaɗan, a ƙasashe masu nisa. Mu ba mu da shi."

Ta ce na'urar ba ɗinke laka take ba. Jijiyoyin da ke ƙasa da raunin suna da rai, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare su da ƙarfi, ita kuma tashinsu take don su ji ɗan abin da ya iso. Ko waɗanda aka dasa wa sai sun yi wata da watanni suna atisaye. Ina sauraro ina gyaɗa kai.

Ashe labule ne kawai tsakaninmu da inda Malam yake kwance. Da na shiga, ya ce a hankali, "Ashe asibiti kika kawo ni. Ni na ɗauka Ɗakin Allah muka zo." 'Yar Gwaggo ta biyo ni ɗakin. Yarinyar ta nemi izini ta taɓa idon sawunsa, ta ce sun fara sandarewa. Gaskiya ne, don tun bara ya hana ni miƙar masa da ƙafafu, wai wahalar banza ce a kan ƙafar da ba za ta taka ba. Ta ce, "Ko gobe jihaz ya zo, ƙafar da ta sandare ba za ta amfana ba." Ya juya fuska bango. Na'urar ma na haƙura da ita a lokacin. Tsorona shi ne mu koma gida ya ƙara rufe kansa, ni ce kuma sila.

Washegari da sassafe muka nufi Harami. Ana ta aikin faɗaɗa masallaci, injinan ɗaga kaya sun yi cirko-cirko a sama. Akwai samari masu tura keke a biya su, amma na ce ba mai tura shi sai ni. Da idonmu ya sauka kan Ka'aba, na ji kafaɗunsa suna rawa a ƙarƙashin hannuna. A bene muka yi ɗawafi, inda masu keke suke, zagayen da faɗi har damatsana suka yi tsami. Shi kuwa addu'arsa kawai yake ta yi.

Sai Safa da Marwa. Waɗanda suka je sun san akwai wani tsakani da aka sa wa korayen fitilu, inda maza suke sassarfa, mata kuma su ci gaba da tafiyarsu. Haka aka koya mana a Islamiyya, haka kuma na yi. Maza suna ta wuce mu, tafin ƙafafunsu na tafi a kan marmara, har da wani tsoho mai farin gemu yana haki yana dagewa. Na ga kan Malam yana bin su da kallo. A dawowa, da muka shiga ƙarƙashin koren hasken, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Nan ne maza suke sassarfa." Ba ƙorafi ya yi ba, faɗa kawai ya yi. Ni ina ta kiyaye hukuncin mata, na manta namiji nake turawa.

Na damƙe hannun keken na zuba da gudu. Hijabina ya cika da iska, haraminsa yana ta kaɗawa, ya riƙe gefen keken gam. Sai na ji wata dariya da na daɗe ban ji ba, haɗe da kabbara. Daga nan duk muka doso wurin sai ya ce, "Shirya, Hajiya, ga kore nan!" Har da cewa wai wancan tsohon ya fi ni sauri.

A kan Marwa na durƙusa ina haki, na ce ya yafe min ɓoye masa da na yi. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Ki ce wa 'yar Gwaggo ta koya miki miƙar ƙafar nan da kyau. In Allah Ya kawo na'urar, ta same mu a shirye. In bai kawo ba, mun gode."

Da na gaya wa Gwaggo ina fargabar ko na yi laifi da na yi gudu ina mace, ta ce, "Halas, shi ya yi sassarfarsa. Ke ƙafa kika ara masa." Sauran kwanakinmu, tsakanin Harami da tabarmar Gwaggo muka yi su, ina koyon yadda ake lanƙwasa gwiwa da murza idon sawu. Yarinyar ta kuma nuna min hoton wani ƙarfe da ake ɗaure mutum a jikinsa ya tsaya.

Mun dawo da zamzam da dabino, ba mu dawo da na'ura ba. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, sa rai da abin da ke nesa bai kamata ya shagaltar da ni daga mutumin da ke gabana ba, kuma jira ma aiki ne na kullum, safe da yamma.

Bayan likitansa ya duba ya amince, mai waldar unguwarmu ya ƙera mana ƙarfen. Ranar da muka fara ɗaure Malam muka tsayar da shi a tsakar gida, autarmu ta shigo daga makaranta. Tana goye aka yi hatsarin, ba ta taɓa ganinsa a tsaye ba. Ta saki jakarta, ta ɗaga kai tana kallonsa, sannan ta ja zanina.

"Umma," ta ce, "ashe Abba ya fi ki tsawo!"