Hamdiyya Ba Ta Kitso Shiru

Duk macen da ta taɓa ɗora kai a cinyar Hamdiyya ta san sharaɗinta: ba ta kitso shiru. A Galadi aka haife ta, can ta koyi riƙe tsinke wurin kakarta, tsohuwar da ke tsaga gashi tana waƙa har mai kai ta manta da zafi. Ita Hamdiyya Allah bai ba ta murya ba. Da bakinta take faɗa, wai in ta ɗaga waƙa kaji ma watsewa suke yi. Don haka ta riƙi rediyo, daga rediyo ta koma kaset, daga kaset ta koma 'yar sifika mai katin waƙa. Shekara ashirin da ɗoriya yatsunta da kiɗa suke tafiya. In batir ya mutu ana tsakiyar shuku, to shukun nan sai ya karkace.

Sai zamani ya juya. Mutanen daji suka matsa wa ƙauyuka, kowa ya koyi magana ƙasa-ƙasa, aka daina buɗe rediyo. Waya ma ta zama abin tsoro: na daji su ce ka kira musu soja, na gari su ce kai ke kai wa na daji rahoto. Mijinta Sodangi, manomin gero mai sanyin hali, ya taɓa shan irin wannan zargin. Yini guda ya yi yana shan duka yana rantsuwa a gaban mutanen da suka yi ƙuruciya tare, kuma tun daga ranar bai koma daidai ba. Shekara biyu Hamdiyya ta yi tana kitso ba kiɗa. Ranar da suka gudu bisa babura zuwa Shinkafi sifikar ta faɗi a hanya, ba wanda ya ce a tsaya.

A Shinkafi ba a san ta ba. Wata bakwai tana yi wa yaran maƙwabta kalaba, kafin wata Hajiya ta ga kan jikarta ta ce a nemo mai hannun nan, za a kawo mata amarya da ƙawayenta ranar Laraba. Kai goma sha ɗaya. In ya yi kyau unguwa ta san da ita, in ya karkace ta dawwama a kan yara.

'Yarta Samira, da ke aikin jinya a Kaura Namoda, ta aiko mata da sabuwar sifika, baƙa, tsawon gwangwanin madara, ba ramin kati ko ɗaya. Daga intanet take jawo waƙa, ta hanyar wani ɗan akwatin sabis mai girman sabulu, mai ƙyafta koren ido. Ƙanin Hamdiyya, Muhtari mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya zo ranar Lahadi ya ajiye su biyun a tabarma, ya haɗa, ya jera mata waƙoƙin da take so, ya nuna mata maɓallin da za ta danna. Kalangu ya cika tsakar gida. Ta raka shi zaure tana sa masa albarka. Da ta dawo, shiru. Ta danna, sai wata baturiya ta yi magana a ciki.

Ta kira shi a waya. "Kai Muhtari, wata na ta yi min Turanci cikin abinga."

"Mi ta ce, Yaya?"

"Da na san mi ta ce zan kira ka? Saurara."

Ya saurara. "Cewa take ba ta ga sabis ba. Kashe ki kunna."

"Na kashe na kunna har yatsana ya yi kanta."

Litinin ya dawo. Sodangi ya shiga ɗaki ya fito masa da akwatin sabis. Muhtari ya tsikari wani ɗan rami a ƙasan sifikar da allura, ya sake sa lambar sirri, ta kama waƙa. Ya tafi, ta yi shiru. Talata da safe ya kwashi duka biyun zuwa shago, suka yi ta raira masa har maƙwabcinsa mai sayar da caja ya roƙe shi ya rage.

"To ni dai Yaya, ko dai gidanki na da aljanu, ko abinga ni yake so."

"In kai yake so ka aure shi. Ni gobe nike da amarya."

"Saida shi ki bar batun. In samo miki mai kati."

"Ba ni saidawa. Ɗiyata ta saya min, a gidana zai yi waƙa, ko shi ko ni."

Ya mayar da su, ya sake haɗawa, kiɗa ya tashi. Ya yi sallama har ya kai bakin titi, sai ya tuna ya bar hularsa a kan turmi. Yana shigowa kiɗan ya yanke. Ta ƙofar ɗaki ya hango Sodangi durƙushe gaban adakar ƙarfe, ya sa akwatin sabis a ƙarƙashin tufafi, ya rufe murfi, yana danna kwado.

"La ilaha illallahu! Mijin Yaya, ashe kai ne aljanin?"

Sodangi ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ai a kunne na bar shi. Ban kashe ba."

"Cikin ƙarfe? Ko ni kunka kulle nan ciki wa zai ji ni? Kwana ukku ina zagin Turawa, ashe ba su da laifi!"

Hamdiyya ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da tsinke soke a ɗankwali.

"Malam, ba ni makulli."

"Hamdiyya, abin nan ƙyafta ido yake yi. Mata goma sha ɗaya za su cika gidanga gobe. Ɗaya ta fita ta ce ta ga na'ura mai wuta a gidan baƙin Galadi, shi ke nan. Kin manta abin da anka yi min?"

"Ban manta ba. Ni na dafa ruwan da anka gasa maka baya."

"To ki yi kitsonki shiru mana. Yini guda ne."

"Shekara biyu na yi shiru, ya hana a kore mu? Gona mun bari, gida mun bari, akuyata mai ciki mun bari. Yanzu kuma kunnena zan bar musu? Su da ba su ma san ina raye ba?" Ta miƙa hannu. "Duk wadda ta tambaya, ni zan ba ta amsa. Sabis ne, na waƙa ne, ɗiyata ta aiko. In wani na da magana ya zo ya same ni da tsinke a hannu."

Muhtari ya ɗauki hularsa ya yi kamar yana duba ɗinkinta. Sodangi ya ajiye makullin a kan murfin adaka ya fita.

Laraba da hantsi ta sa akwatin a tsohuwar safa, ta yanke wa koren idon tagar da zai leƙo, ta rataye shi a reshen dalbejiyar tsakar gida inda duk mai shigowa zai gani. Ƙawar amarya ta farko da ta zauna ta ɗaga kai.

"Inna, wancan mai ƙyafce-ƙyafce fa?"

"Sabis ne. Sunkuyo, kar ki ɓata min tsaga."

Yarinyar ta sunkuya, ta ce don Allah a ƙara murya.

Sodangi a zaure ya yini, bisa buzu, idonsa a kan hanya, yana jiran waɗanda za su zo tambaya. Wajen la'asar kuwa aka yi sallama. Ya miƙe tsaye. Mata uku ne daga layin baya, sun ce kiɗa suka biyo, wai nan ne gidan mai kitson Galadi?

Ya waiwaya ciki. An gama kai tara, amarya ce a cinya, tsaga tana tafiya sambal.

"Nan ne," ya ce. "Amma yau ba wuri. Sai dai ku dawo Juma'a, kuma ku zo da wuri."