Hannun da Ba Ya Riƙe Kifi

Ni mutumin Damagaram ne, kuma har na kusa shekara talatin kifin da na sani busasshe ne, wanda ake kawowa kasuwa a kwali. Da na zo Jidda na sami aikin walda a unguwar masana'antu, na yi aure a unguwar Waziriyya, sai ga ni surukin masunci. Mahaifin matata daga bakin tafkin Chadi ya fito, a cikin kwalekwale ya girma. Ya daɗe da komawa sayar da yadi, amma ranar Juma'a bayan sallar asuba ba ka samunsa ko'ina sai kan duwatsun bakin teku da fatsarsa.

Wata biyu da aurena ya aiko matata ta ce in shirya in raka shi. Aikowa ya yi, domin a wajenmu suruki ba ya zama ya yi hira da mijin 'yarsa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kallon idonsa, in ya ce rana daga yamma take fitowa sai in ce haka ne, Baba. Wannan rakiya ita ce kaɗai ƙofar da ya buɗe mini, ni kuwa na riƙe ta da hannu bibbiyu. Da nuni ya koya mini ɗaura ƙugiya da soka mata jatan lande. Ranar da na fara ciro kifi da kaina, ya ce "to" kawai, amma wallahi na yi kwana uku ina jin daɗin wannan "to".

Dokar Baba guda ce: duk abin da ya fito daga ruwa, cikin kular ƙanƙara zai shiga. Babba, ƙarami, har wanda bai kai tafin hannu ba. In mun dawo sai a raba faranti-faranti, kowace ƙofa a benenmu ta samu. Samarin Jidda kuwa sun shigo da wani sabon yayi. Mutum ya kama kifi, ya ɗaga shi a ɗauke su hoto kamar ango da amarya, sannan ya mayar da shi ruwa. Baba yakan yi tsaki ya ce, "Allah ya ba ka, ka ce ba ka so? Butulci ke nan." Ni ma na sha yi musu dariya, har fiye da shi.

Abin da ya juya ni ba wa'azi ba ne. Wata rana ina gyara wani hamur, kifi ne mai ƙaton baki da zane-zane a jiki, na tsaga cikinsa sai ƙwai ya cika mini hannu. Na tsaya ina kallo. Na lura kuma kifayen da muke samu kullum ƙanƙancewa suke yi. Na ba wani abokin aikina Bayamale, wato mutumin Yemen, labari, sai ya nuna mini dabara: ka sa filaya ka danne ɗan haƙorin nan na ƙugiya, sai ta riƙa fita daga bakin kifi ba tare da ta yaga shi ba. A ranar na danne haƙoran ƙugiyoyina duka.

To amma wa zai gaya wa Baba? Ni dai ba ni da bakin. Sai na koma ƙarya. In na ji ƙarami ne a zare, sai in sassauta ya girgije ya tafi. In ya riga ya fito, sai in sunkuya bakin ruwa kamar zan wanke shi, in buɗe yatsuna.

"Ya kuɓuce, Baba."

Juma'a bayan Juma'a haka nake faɗa. Nan da nan na yi suna a benenmu. Mata suka sa mini hannun man shanu, wani maƙwabci ya ce in riƙa tafiya da safar walda ko Allah zai sa in riƙe ɗaya. Duk ina dariya, har ranar da matata, wadda a nan aka haife ta, ta tare ni a kicin.

"Baba ya ce ya gaji da kuɓucewar kifinka. Wai maƙwabcinmu na ƙasa yana son ya riƙa bin sa. Khalas, ya isa haka, bari in gaya masa gaskiya mana."

Na ce kada ta kuskura. Mijin 'ya ya aika wa surukinsa gyara? Gara a ce ban iya ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in ya daina ɗaukata, mun koma gaisuwa daga bakin ƙofa ke nan har abada.

Juma'ar da ta biyo na tafi kamar mai zuwa ban kwana. Muna zama, kafin in jefa, ya miƙo hannu ya karɓi zarena. Ya shafa ƙugiyar da babban yatsa, daidai inda na danne haƙorin, ya sake shafawa. Ya ɗauko wata daga gwangwanina, ita ma ya shafa. Gumi ya karyo mini alhali rana ba ta ko fito sosai ba. Sannan ya mayar mini.

Can wajen hantsi zarensa ya miƙe kamar zai tsinke. "Yalla, maza kama mini!" Muka ja tare, yana huci ina huci, har muka ciro wani hamur da tsawonsa ya kai hannuna tun daga kafaɗa. Mun daɗe ba mu ga irinsa ba. Na ruga na buɗe kula. Baba bai motsa ba, ya ɗora tafinsa a kan cikin kifin, wanda ya kumbura tim.

"Uwa ce," ya ce, yana kallon teku. "A tafkinmu mahaifina ba ya taɓa irin wannan. Mu ne muka zo da raga mai ƙananan idanu, muka kwashe uwa da 'ya'ya, har muka koma kamo abin da bai kai yatsa ba. Ka ɗauka don son yadi na bar su?"

Ya sha wuya kafin ya zare ƙugiyar, don tasa da haƙorinta. Sannan ya tattare jallabiyarsa, ya gangara da gwiwoyinsa masu ciwo, ya riƙe kifin cikin ruwa har sai da ya kaɗa wutsiya ya watsa masa ruwa a gemu. Ya miƙe yana sharce fuska.

"Ya kuɓuce. Ka gani ai?"

"Na gani, Baba."

Na yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi dannuwa. Shi ma ya fashe da ita, har wani Balarabe da ke kusa ya juyo yana kallonmu. A gida matata ta leƙa kula ta ga 'yan matsakaitan kifi huɗu, ta ce ina sauran. Baba ya ce hannun mijinta ne ya shafe shi.

Na raka shi zuwa matakala kamar kullum, kaina a sunkuye. Ga 'yarsa tsaye a bakin ƙofa, amma bai waiwaye ta ba. Ni ya kalla, ido cikin ido.

"Kai, mako mai zuwa ka zo da filayar nan taka."