Masarar Goggo Khimisara

In ka kwana a garinmu ba ka buƙatar zakara. Gari na fara wayewa za ka ji muryar Goggo Khimisara, yayar mahaifina, tana ratsa kwari har tsallaken kogi: "Ku sauka, matsiyata! Ubanku ne ya shuka?" Da birai take. Ta haura shekara saba'in, amma ta fi kowa ƙarfin maƙogwaro a duk wannan yanki na Gulmi, can cikin tsaunukan da ke arewa da Indiya, kuma ni da gidana ke manne da nata na fi kowa shan wahalarsa.

Tana budurwa aka kawo ta wannan gangare. Mijinta Chhabilal soja ne a Indiya, sai lokacin Dashain, babban bikinmu na shekara, ake ganinsa, don haka gonakin nan hawa-hawa da ke jikin tudu ita ta tayar da su. Da kwando a baya da igiya a goshi ta kwaso duwatsun da aka jera katangarsu. Masara take shukawa, fara, irin da ta zo da shi daga gidan uwarta, sai tamba a bayanta. Da tuwon masarar nan ta raini 'ya'yanta, da shi ta yi jinyar mijinta har ya rasu.

Sai gari ya fara tsiyayewa. Samari suka tafi Ƙatar da Malesiya, matansu suka sauka birnin Butwal don makarantar yara. Gonakin sama suka zama kurmi, kurmin ya gangaro har bakin gonar Goggo, birai suka biyo shi. Ba biyu ba, ba uku ba, garke guda, da jarirai maƙale a ciki.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta buga gwangwani har hannunta ya kumbura. Ta koyi harbi da danƙo, ta fasa mini tulun ruwa. Ta samo kare, karen ya ga babban birin garken sau ɗaya ya koma ƙarƙashin gado, tun daga ranar aikinsa ci da barci. Ɗanta Resham, da ke aikin gini a Ƙatar, ya aiko mata da wata ƙatuwar damisa ta auduga, wai ya gani a waya ana korar birai da ita. Na hau na ɗaure mata ita a kan katanga. Kwana kaɗan aka samu lafiya. Wata safiya muka fito muka tarar da ƙananan birai suna sukuwa a bayanta, wani ya zare mata ido ɗaya yana lasa.

"Kira mini shi," in ji Goggo. Na kira Resham, ta karɓe wayar ta kafa ta a hanci. "Kai, mai hikima! Abin wasa ka aiko wa ƙannenka? Sun gode. In ka tashi aiko musu da keke."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Pandit Loknath, mai kula da ɗakin bautarmu. Kowace Talata sai ya zuba musu ayaba da soyayyen wake a bakin ƙofa.

"Yaya Khimisara, rundunar Hanuman ce fa, abin bautarmu mai siffar biri," yake ce mata. "A bi su a hankali."

"To ka kai su gonarka mana su yi maka albarka."

"Ni ai ba na noma."

"Na sani! Shi ya sa bakinka yake da daɗi."

Da koke ya yi yawa, shugabannin yankinmu suka ɗauko wasu masu kamu daga kudu, da keji da raga. Suka kama da dama, aka zuba a mota aka kai tsallaken kogi aka saki. Goggo har rawa ta taka. Abin da ba mu sani ba, mutanen tsallake su ma sun ɗauko masu kamun nan. Kafin wata ya ƙare aka juye mana nasu a dajinmu, kuma nasu sun fi namu rashin kunya, don har ƙofar ɗaki sun iya buɗewa.

Na yi mata magana har na gaji. "Goggo, kowa ya koma kurkur da citta. Biri ba ya cinsu. Ki huta mana."

"Tuwon kurkur za ka tuƙa mini?"

"A sayo masara a kasuwa."

"Wannan da ake lodowa daga Indiya, ta kaji? Tashi ka ba ni wuri."

A tsakiyar damina abin da nake tsoro ya faru. Masara ta yi goyo, ruwa ya kwana yana zuba, birai suka sauko. Goggo ta bi su da sanda a kan katanga mai santsi, ƙafa ta kwashe, ta faɗa hawan ƙasa ta karye a cinya. Ga shi ƙasa ta zaftare ta rufe hanyar mota. Dole muka yanke bayan babban kwando, muka shimfiɗa bargo muka zaunar da ita, ni da wani maƙwabcinmu muna karɓa-karɓa har inda mota ke iya zuwa. Gangare ne mai tsayi, ga taɓo, ga matsattsaku suna hawa ƙafafunmu. Na ɗauka zafi zai sa ta yi shiru. Ina!

"Kai, a hankali, buhun gishiri ka ɗauko? Wa ka bari a gonar?"

"Ba kowa, Goggo."

"Ba kowa! To juya."

"In juya ina?"

"Ka mayar da ni ka ajiye a bakin gona. Bakina ai bai karye ba."

Ban juya ba. Ta zage ni tun daga saman tudu har bakin titi, ta haɗa da ubana, ƙaninta, wanda ya daɗe da rasuwa.

Aka yi mata aiki a Butwal, ta zauna wurin matar Resham kusan shekara. Masarar wannan damina ko zangarniya ba a tsira da ita ba. Da lokacin shuka ya zagayo, Resham ya kira ni ya ce in taimaka in zuba kurkur a gonakin gaba ɗaya kafin ta dawo, in ta ga an gama za ta haƙura. Shi yana can nesa, ba shi za a kalla ba. Ni da matata muka yi kwanaki muna dasawa.

Ranar da ta dawo, da sandar ƙarfe a hannu, ko gida ba ta shiga ba ta wuce gona. Ta daɗe a tsaye tana kallon faffaɗan ganyen nan. Na shirya wa zagi. Sai kawai ta juya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Na ji ta tana kuka, abin da ban ji ba ko ranar da aka kai gawar mijinta bakin kogi aka ƙona bisa al'adarmu. Wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba. In matata ta kai mata abinci sai ta turo kwanon waje da sanda.

Birai kuwa da suka rasa abin ci a wurinta sai suka dawo kan bishiyoyin lemona. A nan ne ta fara yi mini magana. Tana zaune a baranda za ta ɗaga murya: "Kai, mai kurkur! Ga baƙinka can sun iso, a kawo musu tabarma?"

Na ce to, ko ba komai an shirya. Kurkur ya yi kyau, muka sake dasawa bana. Sai makon jiya na shiga duba gonar na ga wasu tsirrai sun fi sauran tsayi, siraran ganye, jere a tsakanin kunyoyin kurkur. Na duƙa na duba da kyau. Masara ce. Ashe da rarrafe take shiga tana tsoma iri da yatsa idan mun tafi yankan ciyawa.

"Goggo! Kin san in ta yi goyo za su dawo su tattake har kurkur ɗin?"

"Na sani."

"To don me?"

"Iri yana mutuwa in ya daɗe a tulu," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Ka nemo mini sabuwar roba, ta danƙona ta tsinke. Kuma ka tayar da karen nan, ya isa haka."