Ƙululun Sabara a Gonar Babanmu

Sallar asuba kawai muka yi muka nufi tasha a Damagaram, ni da wani abokin aikina da ke koyar da lissafi a lakwal ɗinmu. Shi mangwaron Matameye ya ja shi. Ni kuwa waya ce ta tashe ni. Inna ta kira ta ce Yayana ya dawo daga cin rani a Kano, ya leƙa gona, ya ce cuta ta kama sabara, kuma ya rantse sai ya tone ta duka ya cinna mata wuta kafin ruwa ya sauka. Wannan sabarar marigayi Babanmu ne ya raine ta da sassaben zamani, yana rage rassa yana barin masu ƙarfi, har ta tsayar da rairayin da ke binne mana shuka. Na ji zafin maganar ƙwarai.

Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ɗora laifin a kan mai, ya ɗora mu a kan juna. Abokina dogo ne, gwiwoyinsa a haɓarsa suka yi tafiyar har Takeita. Can muka sha koko da ƙosai mai zafi, muka karkata kudu. Daga nan ido ke fara hutawa: gawo ko'ina cikin gonaki, manoma na ta sassabe, hayaƙi na tashi nan da can. Duk hayaƙin da na hango sai in ce kada dai namu ne. A Kance jandarmomi suka duba takardu, 'yan talla suka cusa mana mangwaro ta taga, abokina ya manta da ciwon gwiwa.

A Matameye muka hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu a yankin Dawce. Ban ko shiga gida ba, gona na wuce. Na tarar da Yaya da gatari, ya riga ya tumɓuke gindi biyu. Bayan gaisuwa ya karyo reshe ya miƙo mini. Ga ƙululu nan a jikinsa, dunƙule-dunƙule kamar goro ƙanana, wasu ɗanye wasu busassu. Ya ce a hanyarsa ya ga yadda tsutsa ta cinye masarar mutane, ba zai zauna wannan ta sauka kan hatsinsa ba.

Ni da nake koyar da ilimin halittu, nan na ga ranata ta zo. Na zaro reza na tsaga ɗaya, na ɗora masa gilashin ƙara girma da nake yawo da shi. Ciki ɗakuna ne, wasu ƙwari ƙanana da ba su kai ƙwayar gero ba suna kai da kawowa. Na yi masa bayani cewa ƙwaron ne ke tsotsar tohon, yawunsa ya sa itacen ya kumbura ya gina masa gida da abinci a ciki. Masana na ganin kakannin irin waɗannan ƙwari a naɗin ganye kawai suke fakewa. Waɗanda mafakarsu ta fi rufuwa suka fi tsira daga rana da maƙiya, suka bar zuriya, a haka cikin dogon zamani, da ikon Allah, abin ya zama ɗaki sosai. Shi ya sa kowane ƙwaro da itacen da ya saba da shi, na sabara ba ruwansa da hatsi.

Yaya ya daɗe yana leƙen gilashin. Ya ɗago ya kira ni yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, ya ce, "To Mushe, ai ka gama magana. Da can zato nake, yanzu na ga ƙwarin da idona." Ya sake ɗaukar gatari.

Wallahi kamar in yi kuka. Da hannuna na ba shi hujja. Abokina ne ya cece ni, ya ce rana ta take, a je a gaida tsohuwa tukuna, gatari ba ya gudu.

Inna ƙafa ta hana ta zuwa gona tun bara, cutar da ake faɗa jin ta kawai take yi. Muna shan fura na ajiye reshen a tabarma ina huci. Ta ɗauka ta jujjuya, sai ta fara dariya har da share hawaye. Ta aika aka ɗauko mata wani ƙullin tsumma daga cikin kwallarta, ta kwance. Busassun ƙululun sabara ne, sun yi baƙi don tsufa.

Ta dubi Yaya ta ce, "Wannan ce cutar? Kana goye, ciwon ciki ya hana ka barci, shi kakarka ta tsinko a wannan gonar na jiƙa maka. Shekarar kuma rumbu biyu muka cika."

Na roƙi ɗaya na tsaga. Ɗakunan nan dai ne, sak irin na gona, masu gidan ne kawai suka daɗe da tashi. Na jera su biyu a tafin Yaya. Ya sosa ƙeya, ya tambaya ko gindi biyun nan za su sake toho. Inna ta ce sabara ba ta fushi, in dai an bar mata saiwa. Da la'asar shi da kansa ya koma ya mayar da ƙasa a ramukan, ni ina tsaye ina ba da umurni, abin da ban taɓa samu a kansa ba tun muna yara.

Washegari muka kamo hanya, abokina da kwandon mangwaro a cinya, ni da ƙululu biyu a aljihu, sabo da tsoho, don 'yan ajina. Mun iso Damagaram lafiya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, bayanina daidai ne, amma bai ishi mutumin da ke tsoron rasa abincin shekara ba sai da ya ga shaida daga ɗakin uwarsa. Jiya Yaya ya kira ni, wai maƙwabcinmu ya fito da gatari, shi kuma yana son in aiko masa da gilashin nan.