Matar da Ta Haɗa Furotin Biyu

Madam Eyenga na gasa kifi a bakin ƙofar jami'a a Yaounde, idonta na kan wata mata da ba ta taɓa gani ba. Doguwa ce, sanye da farar rigar ɗakin gwaji, ta ɓalla maɓallan a karkace, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Tana tsaye a rana, ta ɗaga 'yar kwalba mai ruwa shuɗi, tana dariya ita kaɗai.

"'Yar'uwa, lafiya dai? Ko turare kika samo?"

"Furotin ne guda biyu, Mama," in ji matar. "Shekara huɗu ina fama su riƙe juna, sun ƙi. Sai na yi wa kowanne gurbin da zai kama jan ƙarfe. Yau na zuba jan ƙarfen, ga su manne. Da ba su kama ba, ƙarshen watan nan za a rufe aikin."

Eyenga ba ta gane rabin zancen ba, amma ta san fuskar wadda ta daɗe ba ta ci abinci a natse ba. Ta zaɓo kifi mafi girma, ta ƙara yaji.

"Ajiye kwalbar ki wanke hannu. Tunda sun shirya, ke ma zauna ki ci."