Damin da Kawu Ya Yafe

Tun ina amarya gabana ke faɗuwa idan an ambaci gonar bakin rafi ta 'Yankuzo. A lokacin ba wanda ya taɓa ɗaga murya a kanta. Na dai lura cewa a gidanmu ana ce mata "gonarmu da ke hannunsu", a gidan mijina kuma ana ce mata "gonar Baba". Sai in riƙa tunanin ranar da maganganun nan biyu za su haɗu, ni ina tsakiya. Na taɓa faɗa wa maigidana, ya yi dariya ya ce ni ko ruwa aka ɗora a wuta sai na ji tsoron kada ya ƙone.

Kawu, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Abin da na tashi ina ji shi ne mahaifin Kawu ya ba kakan mijina aron gonar, zamanin da ƙasa ta fi mutane yawa. Ba a rubuta komai ba. Abin da ke tsakaninsu dami ɗaya ne na gero. Duk kaka mai aro zai ɗauko shi da rana tsaka, ya bi ta tsakiyar gari, ya sauke a ƙofar mai gona. Damin ba zai ciyar da gida ba, ana kai shi ne don mutane su gani.

Kakar da ta biyo bayan aurena na je ganin gida, sai ga surukina da damin a ka. Kawu ya miƙe da sauri har hularsa ta faɗi.

"Haba Malam! Ɗiyata na gidanka, ka ɗauko mini dami a ka? Mai da shi. In ta ci, ni na ci."

Surukina ya ce, "Ko dai kana tsoron a ce ka sai da ta a kan dami guda?"

Suka yi ta dariya. Ina bayan zana ina jin su, raina fari tas, ina ganin an darajanta ni. Daga shekarar ba a sake kai dami ba.

Muka dawo Tudun Wada a Gusau, inda maigidana ke ɗinki. Na haifi ta fari, na haifi na biyu. Surukina ya rasu, gonar ta koma hannun Yaya, wan mijina, mai sayar da hatsi a Bungudu, ya sa ana noma masa ita. Sai daji ya lalace. Babbar gonar Kawu tana can nesa da gari, inda yanzu ba mai zuwa ko da rana. Shi ne ya shiga mota har Bungudu ya ce a mayar masa da ta bakin rafi, yana da bakuna a gida.

Yaya ba mugun mutum ba ne, shi ya yanka ragon sunan 'yata. Amma ya ce shi ya buɗe ido ya ga ubansa na noman gonar, damin kuwa alheri ne irin na maƙwabta. Magana ta kai kotun shari'a ta Tsafe. Dattawan da suka san asalin aron, wasu sun rasu, wasu sun yi hijira. Shaidun da aka samu suka ce sun daɗe ba su ga dami ba, ɗaya ma ya ce da kunnensa ya ji Kawu ya ce a mayar da damin. Aka bar wa Yaya gonar.

Kawu ya ce zai ɗaukaka ƙara. Wani ya ambata masa babbar kotun jiha, ya ce shi ba ya zuwa inda za a yi Turanci a kansa yana zaune kamar tunkiya. Gaban malamai zai je, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Gusau, su ji bakinsa ya ji nasu. Ai gadon ubansa yake nema, in ji shi, kuma maganar gado ta malamai ce.

Ba shi da kowa a Gusau sai ni. Duk zaman da aka sa, a gidanmu yake sauka, gidan ƙanen wanda yake ƙara. Maigidana zai shimfiɗa masa tabarma a zaure, su gaisa har su tambayi gajiya, daga nan kowa ya kama kallon ƙafarsa. 'Yata kaɗai ke raba su.

"Amarya, ina tuwona?" in ji Kawu.

"Ni ba na auren mai furfura," in ji 'yar.

"To wa zai ɗauke ki da wannan hancin kamar an taka gauta?"

Ni kuwa ina madafa. Geron da ke gidan Yaya ne ya aiko mana, kuma na san daga wace gona ya fito. Da shi nake dama wa Kawu fura. Ranar farko ya kurɓa, ya ɗan tsaya, ya dubi ƙwaryar. Ya ce, "Wanga hatsi ya ji ruwa." Ya shanye. Na shiga ɗaki na rasa abin da na shiga ɗauka.

Abu ɗaya na lura da shi a watannin nan, Yaya bai damu ba ko kaɗan. Lokacin shari'ar Tsafe har ramewa ya yi. Wannan karon yakan biyo ta gidanmu da rake, ya gaida Kawu har ƙasa, ya wuce wurin lauyansa. Na ga haka, amma ban san me ake tambaya ba, ban kuma san wa ake tambaya ba. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba. A zatona kotu kamar asibiti ce, in ƙarama ta kasa sai a wuce babba, kuma babba ba ta mayar da kowa.

Ranar da aka saurari maganar na roƙi maigidana ya bar ni in je. Na goya ƙaramin na zauna can baya. Kawu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya taho da wani tsoho da ya nemo daga garin Wanke, wanda ya ce ya ga ranar da aka ba da aron. Tsohon bai samu ya buɗe baki ba. Lauyan Yaya ya miƙe ya ce kotun ba ta da hurumin jin wannan ƙara.

Babban cikin alƙalan ya yi wa Kawu bayani da Hausa, a hankali, har sau biyu. Ya ce doka ta yanka wa kotun nan iyakar abin da za ta saurara, kamar aure da saki da riƙon yara da wasiyya da rabon gado. Da magada ne na mamaci ɗaya ke jayayya a kan rabo, da sun duba. Amma gida biyu ne kowa na cewa gonar tasa ce, wannan kuwa babbar kotun jiha ake kai wa.

Kawu ya ce, "Allah shi gafarta Malam, to ku ji ni kawai mana. Ga ni, ga shaidata. Ko ba ku yanke ba, ku ce wa ag da gaskiya."

Alƙalin ya ce, "Baba, ko mun ji ka mun ba ka, gobe za a rushe, ka yi asarar wahalarka. Ba mu ce ba ka da gaskiya ba. Ba mu da ikon cewa komai ne."

A waje wani ma'aikacin kotu ya gaya masa cewa kwanakin da ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara sun riga sun wuce tun yana zirga-zirga a nan. Ana iya roƙon babbar kotun ta ƙara masa lokaci, amma sai da lauya, kuma ba tabbas. Kawu ya gyaɗa kai. Ya sallami tsohon Wanke, ya ba shi haƙuri a kan wahalar mota.

Na raka shi tasha. Ina ta shirya abin da zan ce, da na buɗe baki sai kuka. Na ce, "Kawu, saboda ni ne. Da ba a kai ni gidan ba da ana nan ana kawo maka damin."

Ya ce, "Ke, rufa mini baki cikin mutane. Ke kika ce a mai da shi? Gyara goyonki, kan yaro ya karkace."

Har yau bai je babbar kotun ba. Damina biyu ke nan yana ƙwadago a gonakin mutane, mutumin da a da shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago. In na kira shi sai ya ce lafiya lau, ya tambayi amaryarsa. Maigidana ya ce ba zai nemo lauyan da zai tsaya a kan wansa ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Buhun Yaya kuma bai fasa zuwa ba, yarana na ci suna ƙiba, ni ma ina ci.

Roƙona ga mai karanta wannan, in kana da tsoho a gida da ya ce zai ɗaukaka ƙara, kada ka tsaya a yi masa addu'a da kuɗin mota. Tun kwanakin ba su ƙare ba, je ka sami wanda ya san doka, ka faɗa masa ainihin abin da ake jayayya a kai, ka tambaye shi wace kotu ce ke da ikon ji. Don Allah ka tambaya kafin tsohon ya hau mota.